Daga Sawaba zuwa jar hula: abin da ya sa zaman sulhu ke wuya a siyasar Kano

A ƙarshen watan Mayun 2024 Kano ta wayi gari da mutum biyu, kowanne ana yi masa busa da kirarin sarki. Muhammadu Sanusi II yana Gidan Rumfa, Aminu Ado Bayero yana gidan sarki na Nasarawa. Dukansu jinin Sarki Abdullahi Bayero ne, kuma uwargidan Sanusi 'yar marigayi Ado Bayero ce, wato ta fuskar nasaba rigimar ko zaure ba ta fita ba. Babbar kotun tarayya ta ba da umarni, babbar kotun jiha ta ba da kishiyarsa, har Alƙalin Alƙalan Najeriya na lokacin, Olukayode Ariwoola, ya kira shugabannin kotunan biyu su yi masa bayani. Rabon Kano da ganin irin wannan tun Basasar Tukurawa da Yusufawa da ta ɓarke a 1893.

Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, a garin da ke cike da malamai da attajirai da tsofaffin gwamnoni da dattawan da ake miƙewa idan sun shigo, an rasa mutum ɗaya da ɓangarorin biyu za su yarda ya zaunar da su. Duk wanda aka ambata sai wani ya ce, ai wannan mutumin wane ne. Don a gane yadda aka zo nan sai an koma baya, domin gabar siyasa a Kano ta girmi Kwankwasiyya da Gandujiyya da shekara sittin da ɗoriya.

Zamanin da ake da abin yi wa faɗa

Ranar 8 ga Agustan 1950 wasu matasa suka kafa jam'iyyar NEPU, mai taken Sawaba, a Kano, cikinsu har da Abba Maikwaru, Magaji Ɗambatta, Mudi Sipikin da Maitama Sule. Daga baya Malam Aminu Kano ya zama jagoranta. Abin da suke nema a fili yake: a rage ƙarfin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarakuna, a daina aikin tilas, a sassauta haraji, a gyara kotunan alƙalai, talaka ya zaɓi wanda zai mulke shi da hannunsa, mace ma ta jefa ƙuri'a. A ɗaya ɓangaren akwai NPC ta Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa, wadda take ganin idan aka girgiza sarauta a daidai lokacin da Kudu ta yi wa Arewa fintinkau a ilimin boko, to Arewa za ta tarwatse kafin Bature ya tafi. Kowane ɓangare yana da hujjar da mai hankali zai saurara. Wannan shi ne saɓanin aƙida na gaskiya, saɓani a kan yadda za a tsara al'umma da wanda zai riƙe ragamarta.

Amma ba a zauna an tattauna ba, kuma dalilin a tsarin zaɓen yake. A 1951 zaɓe hawa-hawa aka yi. NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a birnin Kano, sai dai doka ta ba En'e damar cusa nata mutanen a matakin ƙarshe, aka tashi NEPU ba ta da kujera ko ɗaya a majalisar Kaduna. Wanda ke riƙe da 'yan doka da alƙali da gidan yari ba ya jin wata buƙatar ya saurari wanda ba shi da kujera. Sai aka koma ɗauri da bulala. Gambo Sawaba a Zariya ta sha shiga kurkuku har gidan yari ya zama kamar gidanta na biyu. A Kano aka samu 'Yan Mahaukata masu farautar 'yan NEPU, su ma 'yan NEPU suka tanadi nasu samarin. Dattawan da suka ga zamanin suna ba da labarin auren da ya mutu saboda jam'iyya, da limamin da aka ƙi bi salla, da gawar da wasu suka ƙi raka ta makwanci.

Duk da haka akwai wani abu a faɗan nan da ya kamata a riƙe. Buƙatun NEPU ana iya lissafa su da yatsu, don haka ana iya biyan su. Kuma an biya mafi yawansu, ko da yake ba a teburin sulhu ba. Bayan juyin mulkin 1966 sojoji suka ƙwace 'yan doka da gidajen yari da kotuna daga hannun En'e. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya ƙarasa abin da ya saura, matan Arewa suka fara jefa ƙuri'a, sannan gwamnatocin PRP, jam'iyyar Malam Aminu, a Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali bayan zaɓen 1979. Malam Aminu da Alhaji Shehu Shagari, ɗan NEPU da ɗan NPC, sun zauna a majalisar zartarwa ɗaya a gwamnatin Gowon ba tare da rufin ɗakin ya faɗo ba.

Santsi da Taɓo

Jamhuriya ta biyu ta koyar da darussa biyu masu ɗaci. Na farko a Kaduna. Balarabe Musa na PRP ya ci gwamna, NPN ta kwashe rinjayen majalisar dokoki. Ga dama ta samu da tsarin mulki ya tilasta wa masu aƙida biyu su yi aiki tare. Balarabe ya ƙi ba NPN gurbi a gwamnatinsa, majalisa ta yi ta watsi da sunayen kwamishinonin da yake turawa, ya yi mulki kusan shekara biyu ba kwamishina, har suka tsige shi a watan Yunin 1981, gwamna na farko da aka tsige a tarihin Najeriya. Masoyansa har gobe suna kiran wannan tsayuwa a kan aƙida, kuma ba wanda ke musun tsabtar hannunsa. Amma tambayar da ba a cika yi ba ita ce, da ya ba su kujeru biyu ko uku ya ƙarasa wa'adinsa, talakan Kaduna da Katsina da ya fi amfana ko da ya fi cutuwa?

Darasi na biyu ya fi kusa da batunmu. PRP ta dare gida biyu, Santsi na gwamnan Kano Abubakar Rimi da Balarabe, da Taɓo na waɗanda suka tsaya tare da Malam, irin su Sabo Bakin Zuwo. A kan me aka rabu? Shugabancin jam'iyya ya hana gwamnonin biyu halartar taron gwamnoni tara masu kiran kansu 'yan cigaba, inda suke zama da gwamnonin UPN ta Awolowo da na GNPP. Su kuma 'yan Santsi suka zargi na kusa da Malam da yi wa NPN kara. A taƙaice kowane ɓangare laifin da yake ɗora wa ɗan'uwansa shi ne zama da abokin gaba. 'Yan gida ɗaya, tarbiyya ɗaya, take ɗaya, amma gabar da ta shiga tsakaninsu ta fi wadda ke tsakaninsu da NPN zafi.

A cikin wannan hayaniya ne gwamnatin Rimi ta aika wa Sarki Ado Bayero takardar tuhuma, kuma ranar 10 ga Yulin 1981 gari ya kama da wuta. Aka ƙona gine-ginen gwamnati har da Rediyon Kano, aka kashe Dokta Bala Muhammad, mai ba gwamna shawara kan siyasa. Rimi ya ɗaga darajar wasu masarautu don rage girman Kano, Bakin Zuwo yana hawa a 1983 ya rushe su. Wanda ya ga abin da ya faru da masarautar Kano a 2019 da 2024 ba ya buƙatar a ce masa tarihi ya maimaita kansa. Duk wannan kuwa ya faru ne a zamanin da Waziri Ibrahim ke yawo da takensa na siyasa ba da gaba ba. An so taken, an rera shi, ba a yi aiki da shi ba. Shi kuwa Rimi, da aka zo kafa PDP a 1998, da tsofaffin 'yan NPN irin su Adamu Ciroma da Alex Ekwueme ya zauna ya kafa ta.

Gabar da ba ta da jerin buƙatu

Rabiu Musa Kwankwaso da Abdullahi Umar Ganduje gwamna ne da mataimakinsa har sau biyu, 1999 zuwa 2003 da 2011 zuwa 2015. Tare suka bar PDP zuwa APC, jar hula ɗaya suke sawa. Ɓarakar ta fito fili a watan Maris na 2016, lokacin da Kwankwaso ya je ta'aziyyar mahaifiyar Ganduje da ɗimbin magoya baya, ɓangaren gwamna ya ce an mayar da zaman makoki gangamin siyasa. A al'adar Bahaushe gidan rasuwa shi ne wurin da ko masu gaba ke ajiye makamai su yi musabaha. A nan wannan gabar ta samo asali. Zuwa Janairun 2018 'yan sanda ne ke ba sanata mai ci, tsohon gwamnan jihar, shawarar kada ya shigo Kano.

To a tambayi ɗan Kwankwasiyya da ɗan Gandujiyya, a kan wace manufa kuka saɓa? Haraji? Filaye? Matsayin Hisba? Tallafin man fetur? Ɗan Kwankwasiyya zai ambaci ilimi da tura ɗalibai karatu ƙasashen waje, kuma da gaskiyarsa, wannan tambari ne da tafiyar ta yi suna da shi. Ɗan Gandujiyya zai lissafa gadoji da asibitoci. Amma babu ɓangaren da ke cewa kada a gina makaranta ko kada a yi gada. Da an ɗan matsa, amsar da ke fitowa ita ce butulci da cin amana a wannan gefe, girman kai da son juya gwamnati daga gefe a wancan. Hukunci ne a kan halin mutum, ba a kan tsarin mulki ba.

A ganina nan gizo ke saƙar. Mutane suna ɗauka cewa idan aƙida ta yi rauni gaba za ta yi sauƙi, alhali sau da yawa akasin haka ke faruwa. Wanda ke neman a soke haraji ana iya cewa a rage masa rabi, a tashi kowa ya samu wani abu ya kai gida. Wanda da'awarsa ita ce wane maci amana ne, me za a ba shi rabi? Biyayya ga mutum ba ta rabuwa biyu, ko kana tare da jagora ko ka fita daga tafiya. Shi ya sa manyan ke iya shiryawa cikin dare ɗaya a wani falo a Abuja, domin tsakaninsu lissafin kujeru ne, shi kuwa ana raba shi. Dubi Malam Ibrahim Shekarau: ya bar APC a 2014 bayan shigowar Kwankwaso, ya bar PDP a 2018 bayan dawowar Kwankwaso, ya haɗu da shi a NNPP a watan Mayun 2022, ya fice kafin Satumba. Duk juyin da ya yi, akwai dubban mabiya da suka ɓata da maƙwabta a kan matsayin da jagoran zai bari bayan 'yan watanni. Manya suna da inda suke haɗuwa. Na ƙasa ne ba a tanadar musu wurin shiryawa ba.

Masana siyasa a Amurka sun daɗe da lura da wannan bambanci tsakanin saɓani a kan manufa da ƙiyayyar ɓangare. A wani bincike na 1960, kusan mutum 5 cikin 100 ne suka ce ransu zai ɓaci idan ɗansu ya auri 'yar wata jam'iyya. Zuwa 2010 adadin ya kai kusan rabin 'yan Republican da sulusin 'yan Democrat. Ƙiyayyar ta yi gudun da saɓanin manufa bai yi ba. Bambancin kawai shi ne a can mutum yakan mutu a jam'iyyar da ya tashi a ciki, a Kano kuwa jam'iyya riga ce, jagora ne jiki.

Wanda ya faɗi ba ya tsira da komai

Dalili mafi nauyi ba a zuciya yake ba, a aljihu yake. A jihar da masana'antun Bompai da Sharaɗa da Challawa suka daɗe da durƙushewa, gwamnati ce babbar mai ɗaukar aiki, ita ce mai kwangila, mai fili, mai kujerar Makka, mai gurbin karatu. Wanda ɓangarensa ya faɗi zaɓe ya san shekara huɗu zai yi a rana.

Kuma faɗuwar ba ta da saura. Kano tana da ƙananan hukumomi 44. A zaɓukan da hukumar zaɓen jiha ta shirya a 2018 da 2021, APC mai mulki ta lashe dukansu. A na Oktoban 2024, NNPP mai mulki ta lashe dukansu. Wannan a jihar da a zaɓen gwamna na 2019 tazarar ba ta kai ƙuri'a 9,000 ba cikin sama da miliyan biyu, a 2023 kuma wanda ya zo na biyu ya samu ƙuri'a sama da 890,000. Ba lissafin da zai sa mai goyon bayan kusan rabin jama'a ya rasa ko ƙaramar hukuma ɗaya, in ba don ba a bar masa ba. Shekara saba'in bayan zaɓen 1951, dabarar ta canza kaya ne kawai.

Idan faɗuwa tana nufin rasa komai, to kowane zaɓe sai ya zama na ko-a-mutu-ko-a-yi-rai, kuma kowane ɓangare yana da tabon da yake nunawa. Ɗan Kwankwasiyya ba zai manta da inkwankulusib na 2019 ba, lokacin da ɗan takararsu Abba Kabir Yusuf ke gaba da ƙuri'a sama da 26,000 aka ce zaɓe bai kammalu ba, da rikicin da ya faru a mazaɓar Gama a zaɓen da aka ƙarasa ranar 23 ga Maris. Ba zai manta da hukuncin kotun sauraron ƙararrakin zaɓe na Satumban 2023 da ta zabtare wa Abba ƙuri'u sama da 165,000 ba, wanda sai a Janairun 2024 Kotun Ƙoli ta warware. Shi kuma na ɗaya ɓangaren zai nuna maka rusau na Yunin 2023, kwanaki kaɗan bayan rantsar da Abba: gine-ginen tsohon otal ɗin Daula, shagunan filin Idi, har da shataletalen ƙofar gidan gwamnati. Gwamnati ta ce filayen jama'a ne aka cefanar ba bisa ƙa'ida ba. Ɗan kasuwar da ya sayi shago da takardun gwamnatin da ta gabata bai ga haka ba. Kowa daga inda aka cuce shi yake fara ba da labari, ba daga inda ya yi cuta ba, shi ya sa duk zaman da aka fara da tambayar wa ya fara, ba ya kaiwa ko'ina.

Masu cin abinci da faɗan

Tun da gidajen rediyo masu zaman kansu suka buɗe a Kano, musamman bayan zuwan Freedom a 2003 da shirinta na Kowane Gauta, aka samu sana'ar da ake kira sojojin baka. Ba a raina alherin wannan buɗi ba. Talakan da a da sai dai ya yi gunaguni a majalisar unguwa ya samu makirufo yana kiran sunan kwamishina. Amma a hankali filin ya koma na haya. Ɗan siyasa ya sayi minti, sojan baka ya shiga ya yi habaici da gugar zana, gobe na ɗaya ɓangaren ya sayi nasa ya rama. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Sojan bakan da ya ce a gaskiya abokin hamayya ya yi daidai a wannan gaɓar, ya rufe wa kansa ƙofa. Haka mawaƙin siyasa: waƙar da ta fi tashe ita ce mai zambo, kuma zambo yakan yi shekaru a bakin yara bayan waɗanda aka yi dominsu sun shirya.

Facebook da TikTok da WhatsApp suka zo suka faɗaɗa kasuwar. Yanzu ba sai ka sayi fili ba, waya da data sun isa, kuma manhajojin an gina su ne a kan su tura wa mutane abin da ya fi tsayar da su. Zagi ya fi bayanin kasafin kuɗi tsayar da mutum. Martanin hukuma kuma yakan ƙara dagula lamarin. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta yanke wa wasu matasa biyu 'yan TikTok bulala ashirin-ashirin kan ɓata sunan Gwamna Ganduje. A 2025 gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta sanar da hana shirye-shiryen siyasa na kai-tsaye a kafafen yaɗa labarai. Kowane ɓangare idan yana adawa yakan zama mai kare 'yancin magana, idan ya hau sai ya gano illar kalaman ɓatanci.

Akwai masu cewa maganin shi ne kowa ya riƙa sauraron ɗaya ɓangaren. Abin bai kai haka sauƙi ba. A 2018 Chris Bail na Jami'ar Duke da abokan aikinsa suka biya wasu masu amfani da Twitter a Amurka su yi wata guda suna bin shafin da ke turo musu ra'ayoyin jam'iyyar da ba tasu ba. Maimakon su sassauto, 'yan Republican sai suka ƙara tauri, 'yan Democrat ma ba su matso ba. Kano ma shaida ce. Ba wanda ya kai ɗan Kwankwasiyya sauraron sojan bakan APC, ba don ya fahimce shi ba, don ya tanadi raddi. Jin maganar abokin hamayya a bainar jama'a, inda mutanenka ke kallon yadda za ka mayar, horon faɗa ne.

Wannan ya haɗu da yadda muka saba ɗaukar muhawara. Abin da muka gada shi ne muƙabala: a kafa kujeru, a tara jama'a, a kawo littattafai, a tashi an ce wane ya kayar da wane. Wanda ya ce ban sani ba, ko ya ce a nan kam ka fi ni gaskiya, mabiyansa za su kwana da kunya. Zaman da aka shirya don a fitar da gwani ba ya haifar da matsaya. Kuma wanda ya fi shan wuya shi ne mai sassauci a cikin gida. Abokan hamayya ba za su yarda da shi ba, 'yan gidansu kuma za su ce an saye shi. A siyasar Kano hoto ɗaya da aka ɗauke ka kana gaisawa da wani a wurin ɗaurin aure ya isa a kwana ana yi da kai.

Ina masu raba faɗa?

A da idan 'yan siyasa suka kai maƙura akwai inda ake zuwa. Ado Bayero ya yi shekara 51 a kan karaga, daga 1963 zuwa 2014, ya ga gwamnoni na soja da na farar hula, kuma duk da abin da ya shiga tsakaninsa da Rimi, yawancin Kanawa sun ɗauki fadarsa a matsayin inuwar kowa. Naɗin Sanusi a 2014 ya zo a tsakiyar rigimar Kwankwaso da gwamnatin Jonathan, aka karanta shi da tabaran siyasa tun ranar farko. A Mayun 2019 majalisa ta ƙirƙiro masarautun Bichi, Rano, Gaya da Ƙaraye cikin 'yan kwanaki, kotu ta soke dokar a Nuwamba, aka sake yin ta a Disamba. Ranar 9 ga Maris 2020 aka tuɓe Sanusi aka kai shi jihar Nasarawa. Ranar 23 ga Mayun 2024 wata majalisar ta rushe dokar, gwamna ya sa hannu a ranar. Sarautar da ta haura shekara dubu an yi mata gyaran fuska sau biyu cikin shekara biyar, kowanne cikin gaggawa, ba tare da an zaunar da jama'ar masarautun an ji ta bakinsu yadda ya kamata ba. Mutumin Gaya ko Rano da ke ganin sabuwar masarauta ta kawo masa hanya da asibiti yana da magana. Bakanon da ke ganin an yayyaga gadon Dabo shi ma yana da magana. Wannan saɓani ne na gaske da za a iya tattaunawa har a samu tsaka-tsaki, amma da yake an ɗaura shi a wuyan jar hula da kishiyarta, ra'ayin mutum a kan masarauta ya zama ana iya karanta shi daga hular da ke kansa.

Malamai ma da yawansu sun hau mumbari sun nuna ɗan takara, wasu sun karɓi muƙami. Haƙƙinsu ne a matsayin 'yan ƙasa, sai dai malamin da ya ce a zaɓi wane ranar Juma'a ba zai iya zama alƙali tsakanin wane da wane ranar Asabar ba. Kotu kuwa, bayan umarnin da ke karo da juna, kowa ya san wadda zai garzaya.

Inda aka taɓa dacewa

Ba a rasa misalin zaman da ya yi amfani ba. A Janairun 2015, ana tsoron ƙasa za ta kama da wuta, Kofi Annan da Emeka Anyaoku suka sa Goodluck Jonathan da Muhammadu Buhari da sauran 'yan takara suka sa hannu a yarjejeniyar Abuja. Kwamitin zaman lafiya na Janar Abdulsalami Abubakar da Bishop Matthew Kukah ya ci gaba da zirga-zirga tsakaninsu a asirce, kuma ranar 31 ga Maris Jonathan ya buga wa Buhari waya kafin a gama sanar da sakamako. A Kaduna, Imam Muhammad Ashafa da Fasto James Wuye, waɗanda suka jagoranci matasa masu gaba da juna a rikicin 1992, Wuye ya rasa hannu, Ashafa ya rasa malaminsa da 'yan'uwa, sun dawo sun kafa cibiyar sulhu tare, har suka shiga tsakani a rikicin Yelwa da Shendam.

Abin lura a misalan nan shi ne ba wanda aka nema ya bar ra'ayinsa. Ba a ce Jonathan ya yarda Buhari ya fi shi ba, Imam bai bar addininsa ba, Fasto bai bar nasa ba. Abin da aka nema ƙarami ne kuma takamaimai: kada a zubar da jini, wanda ya faɗi ya karɓa, wanda ya ci kada ya wulaƙanta shi. Masu shiga tsakanin ba sa neman kujera, kuma mafi yawan aikin an yi shi ne ba a gaban kyamara ba.

A Kano har yanzu akwai wuraren da jar hula da wadda ba ja ba ke zama kafaɗa da kafaɗa: layin Kantin Kwari da Singa, inda bashi da amana suka fi jam'iyya ƙarfi, teburin mai shayi, sahun salla, kwamitin unguwa da ke tara kuɗin gyaran taransifoma ko biyan 'yan sintiri. A irin waɗannan wurare mutane suna yin abin da ya gagari majalisa, domin akwai aikin da dole a gama kuma ba mai kallo da za a burge. Matsalar ita ce tsarin mulkin jiha bai bar wa 'yan siyasa irin wannan wurin ba. Da ɗan adawa zai iya cin shugabancin Fagge ko Dala ko Bichi ya riƙe, da dole gwamna ya zauna da shi a kan albashin malaman firamare da kwashe shara, ko suna son juna ko ba sa so. A watan Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa tura wa ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye daga asusun tarayya, amma ba ta taɓa batun wanda ke shirya zaɓensu ba. Wannan yana hannun hukumomin zaɓe na jihohi, waɗanda gwamnoni ke naɗawa, kuma sauya shi sai an gyara tsarin mulki da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36, majalisun da mafi yawansu ba sa ƙetare maganar gwamna.